Kimonon da na ɗinka da hannu daga rinin Ƙofar Mata

A ƙarƙashin keken ɗinkina akwai wata leda da nake tara ƙyallaye. Duk rigar da na yanka sai ta bar wani abu a ƙasa: zagayen wuya, lanƙwasar hammata, ɗan ɓangaren da aka zaftare a ƙugu don riga ta kama jiki. Shekara huɗu ke nan ina ɗinki a gida, ledar ta cika yara sun kwashe sun yi wa 'yar tsana kaya, ta sake cika. Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba, domin haka aka koya mini, cewa gwanintar tela a almakashinsa take.

Kimono kuwa mun san shi a nan, ko in ce mun san abin da muke kira da sunan. Riga ce mai buɗaɗɗen gaba da ake ɗorawa a kan doguwar riga, wasu su yi da atamfa, wasu da yadin abaya, wasu da yadi mai shara-shara. Na ɗinka wa mutane ya fi goma. Wata rana ƙanwata ta turo mini hoton wanda take so, na shiga YouTube ina neman yadda ake fitar da hannun, sai na faɗa kan bidiyon wata tsohuwa 'yar Japan, tana zaune a ƙasa gaban wani gajeren tebur tana ɗinki da allura. Ba na jin ko kalma ɗaya daga abin da take faɗa, amma na kasa wucewa. Ta gama yanka kayan riga guda cur, ta ajiye almakashi, na duba gabanta babu ko ɗan ƙyalle da ya faɗi. Na mayar da bidiyon baya har sau uku ina neman inda ta ɓoye shi.

Daga nan na shiga bincike. Kalmar kimono a Japananci "abin sawa" kawai take nufi. Akwai masu nauyi na siliki, masu shafi, da ake sawa a manyan bukukuwa; akwai furisode na 'yan mata marasa aure, mai hannuwa har kusan ƙasa. Mafi sauƙinsu shi ne yukata, na auduga, ba shafi. Asalinsa rigar wanka ce, yanzu kuma da ita ake fita lokacin zafi, a je bukukuwan gari da kallon wasan wuta. Irinta tsohuwar nan take ɗinkawa. Yadin da ake yi da shi ana kiransa tanmono, siriri ne, faɗinsa tsakanin santimita 36 da 40, wato inci 14 zuwa 15 da ɗoriya, tsawonsa wajen mita 12, kusan yadi 13. A nannaɗe ake sayar da shi, daidai na riga ɗaya. Ana raba shi gida 8: biyu na jiki, biyu na hannu, biyu sirara da ake ƙarawa a gaba don rigar ta rufa, su ne okumi, sai doguwar wuya ɗaya da gajeriyar wuya da ake ɗora mata. Dukkansu masu kusurwa huɗu ne, babu ko ɗaya da aka lanƙwasa wajen yanka.

Irin wannan siririn yadi ba a samun sa a kasuwarmu, amma lissafi ya ba ni hanya. Yadin auduga da yawa faɗinsa inci 45 ne. Idan aka raba shi uku a tsaye, kowane zubi zai zama inci 15, kusan faɗin tanmono. Yadi 4 da rabi sau uku ya ba da yadi 13 da rabi. Ke nan da yadi 5 zan samu riga, har da rarar abin da wanki zai cinye.

Da farko atamfa na yi niyya, har na ciro wata daga akwati mai zanen tsuntsaye. Allah ya taimake ni na shimfiɗa ta kafin na sa almakashi. Jikin kimono ba shi da ɗinki a kafaɗa. Zubi ɗaya ne yake tasowa daga idon sawu ta gaba, ya haye kafaɗa, ya gangara baya har ƙasa. Duk zanen da ke da sama da ƙasa, in ya tsaya daidai a gaba, to a baya kifewa zai yi. Na mayar da atamfar akwati. Kuma dama hankalina ya riga ya tafi wani wuri, domin tsofaffin yukata da na yi ta gani a hoto yawanci shuɗi da fari ne, rinin baba. Akwai wani tsohon gari, Arimatsu, wanda yanzu yake cikin birnin Nagoya, da ya yi suna tun farkon ƙarni na 17 wajen ƙulle yadi da zare kafin a rina, suna kiran aikin shibori. Da na ga hotunan sai na ga abin da nake wucewa ta gabansa a shanye a Ƙofar Mata tun ina yarinya.

Na sayo farin yadin auduga marar sheƙi a Kantin Kwari, na wuce da shi marina. Wani dattijo yana zaune a bakin ramin, ya murza yadin tsakanin yatsunsa.

"Hajiya, na zane ne ko na mayafi?"

"Riga ce, Malam, irin ta mutanen Japan."

"To, madalla. Amma ki koma da shi ki wanke tukuna. Sitacin da ke jikinsa ba zai bar rini ya shiga ba. In kuma da ado kike so, ki ƙulle shi bayan ya bushe, ki ja zaren da ƙarfi, kada ki ji tausayinsa."

Haka na yi. Na wanke da ruwan zafi, na shanya, sannan na zauna kwana uku ina ƙulli. Ƙwayar wake nake sawa a ƙarƙashin yadin, in tattaro, in naɗe wuyanta da zare tam. Ban bi layi ba, warwatsa su na yi, nan da yawa can kaɗan, don kada adon ya samu sama ko ƙasa. Ranar rinin na tsaya na kalla. Marinar ta daɗe, an ce tun 1498 ake aiki a wurin, kuma har yau ganyen baba da toka ne ake jiƙawa a ramin su yi makonni suna ruɓa. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai ran nan shi ne, yadi ba ya fitowa daga ramin da shuɗi. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa a kan idonka. Dattijon ya tsoma, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, haka haka har ya kai duhun da nake so. Ya tambaye ni ko a kai wa mabuga. Na ce a'a, domin bugu sheƙi yake sawa da ƙarfi, ni kuwa laushi nake nema, yadin da zai zubo a jiki.

A gida na kwance ƙullin, waken ya zube, fararen zobba suka bayyana kamar an watsa taurari. Na ɗauraye shi ruwa bayan ruwa har ya kusa daina zuba, na shanya a inuwa. Da na auna, faɗin ya koma inci 44, tsawon kuma bayan na daidaita bakin biyu ya tsaya a inci 168. Wanda zai yi wannan aiki kada ya yi lissafinsa da yadin da bai sha ruwa ba.

Ban yanka zubin uku da almakashi ba. Ɗan tsaga na yi a baki, na kama da hannu biyu na yaga, domin auduga in an yage ta zaren saƙarta take bi, ta fi kowane alli miƙewa. Kowane zubi ya fito inci 14 da rabi da ɗan ɗoriya. Daga na farko na cire inci 120 na rabin jiki, saura 48 ya zama hannu ɗaya. Na biyu ma haka. Na ukun, wato na tsakiya, na cire inci 52 na tsaga shi biyu a tsaye, okumi biyu ke nan. Ragowar 116 shi ma na tsaga biyu: ɓari ɗaya ya ba ni doguwar wuya mai inci 78 da gajeriya mai 38, ɗayan ɓarin na bar shi dungum na ɗamara. Na duba tabarma, babu abin sharewa sai 'yan zarurruka.

Tsawon da nake so daga kafaɗa zuwa idon sawu inci 54 ne. Matan Japan suna yin nasu da tsawo daidai da tsayin mai shi, sannan su naɗe rarar a ƙugu ƙarƙashin obi, babbar ɗamararsu. Ni a kan doguwar riga zan ɗora, sau da yawa ma a buɗe, don haka na tsaya a idon sawu. Haka kuma su kan ja wuyan baya kaɗan ya bar ƙeya a fili. Mai sa mayafi ba ta da bukatar wannan, sai na bar shi. Yanka na gaske guda ɗaya ne a duk rigar: na ninka kowane zubin jiki biyu, a kan ninkin kafaɗa na tsaga inci 3 da rabi daga gefen da zai zama tsakiya. Nan ne wuya zai zauna. Na haɗa zubin biyu fuska da fuska na tsaga su tare, don kada in wayi gari da ɓangaren dama guda biyu.

Wani abu da tanmono ya fi yadina da shi: gefensa biyu duk saƙaƙƙu ne, ba sa tsefewa, don haka ba a bukatar kame su. Nawa zubi biyu suna da saƙaƙƙen gefe ɗaya ɗaya, na tsakiya ba shi da ko ɗaya. Sai da na zauna na tsara inda kowane yagaggen baki zai ɓuya. A jiki na tura saƙaƙƙen gefen zuwa haƙarƙari, yagaggen ya zo tsakiyar baya inda zan yi ɗinki biyu in rufe shi a ciki. A hannu na kai yagaggen bakin wajen wuyan hannu, inda dama kalmasa za a yi.

Na yanke shawarar yi da allura, ba da keke ba, ko da sau ɗaya ne, don in san abin da tsohuwar nan take ji a hannunta. Salon nasu sunansa unshin. Ba a soka allura a zaro ta ɗaya bayan ɗaya. Ana tokare gindinta da wani zobe a yatsan tsakiya, a riƙe tsininta da babban yatsa da manuni, sai hannun hagu ya riƙa ɗaga yadin yana saukewa, yadin ne ke hawa kan allura. In ya taru sai a zaro, a shafe ɗinkin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe don kada zare ya tattare. Zoben na yi shi da guntun fatar wata tsohuwar jaka. Daren farko layina ya yi ta karkata, wani taku dogo wani gajere. Na ɗauki tsohon zanen gado na yi ta gwaji a kai bayan sallar isha'i har dare huɗu, kafin hannuna ya fara jin abin. Ranar da ya kama, na ji shi a kafaɗata kafin na gani a yadi: jikina ya saki, allurar ta fara tafiya da kanta.

Da hannuwa na fara, kamar yadda suke yi. Na ninka kowanne biyu, zurfinsa ya zama inci 24, na ɗinke ƙasan a inci 20 na bar 4 a ciki. Gefen waje na ɗinke daga ƙasa, na bar inci 9 a sama inda hannu zai fito. Kusurwar ƙasa ta waje a zagaye take, kuma a nan na fara ganin dabarar. Ba a yanke kusurwar. Ana ɗinka lanƙwasar, a bi bayanta da layi biyu na ƙananan taku, a sa wani abu mai zagaye a ciki, a ja zaren, sai rarar yadin ta tattaru ta kwanta a kansa, a danne da guga. Murfin kwalba na sa. Ta waje sai ka rantse an yanka, in ka juya ciki kuwa kusurwar tana nan ba abin da ya taɓa ta.

Sai ɗinkin tsakiyar baya, sannan rarar tsawo. Kowane ɓangare inci 60 ne, ina son 54, kalmasar ƙasa za ta ci 1 da rabi. Ragowar 4 da rabi na naɗe su a ciki daidai ƙugu, na ɗinke a kwance, gaba da baya. Ana yin haka ne domin in bakin ƙasa ya cinye da shekaru, a kwance naɗin a sauko da sabon yadi. Kowane ɗinki kuma in an gama, ba a buɗe shi a goge kamar yadda muka saba. Ana kifar da shi gefe ɗaya, a ninka yadin ya ɗan wuce layin zaren da kamar milimita 2, a danne da dutsen guga. Suna kiran wannan kise. Zaren sai ya ɓuya a ƙarƙashin ninkin, ba ya gogar komai, layin kuma ya fito da taushi ko da takun hannu bai daidaita sosai ba.

A haƙarƙari ne raina ya so ya rinjaye ni. Faɗin baya inci 12 nake so daga tsakiya, gaba 10, kafaɗa 13. Da na ɗinke gefen, sai ga fiye da inci 2 na yadi yana reto a ciki, gaba da baya, tun daga hammata har ƙasa. Shekara huɗu hannuna ya saba, in ya ga irin wannan ya datse ya bar rabin inci. Har na ɗauko almakashi. Goggo, yayar mahaifina, ta zo mana kwana biyu a lokacin, tana zaune a kan darduma tana jan carbi tana kallona.

"Me za ki yi da shi, 'yar nan?"

"Rage shi zan yi, Goggo, ya yi yawa a ciki."

"Ajiye. Jiki ba ya zama wuri ɗaya. Yau ki rame, gobe ki haihu ki yi ƙiba. In kin yanke, ina za ki samo shi?"

Ta miƙo hannu na ba ta rigar. Ta juya ta, ta bi layukan da yatsa, ta yi shiru. Can ta ce rigar saƙi ta mahaifinsu haka take, siraran saƙa ne aka jera gefe da gefe aka haɗa da allura, masaƙi ya ba da faɗi, maɗinki ya bi abin da aka ba shi. Ta ce wanda ya san wahalar kaɗi da saƙa ba ya yi wa yadi yankan ƙauna. Ban taɓa jin ta yi maganar kakanmu da irin wannan muryar ba. Na ajiye almakashin, na kwantar da rarar a jikin rigar, na kama bakinta da ƙananan taku masu nisa da juna, waɗanda ta waje ɗigo kawai ake gani.

Daga baya na fahimci dalilin da ya sa Japanawa suka tsare wannan ƙa'ida haka. A da, in kimono ya yi datti sosai, warware shi ake yi gaba ɗaya, a jera gudajen 8 a haɗa su su koma dogon yadi kamar yadda aka sayo, a wanke, a miƙe shi a kan allo ko da 'yan sandunan gora ya bushe, sannan a sake ɗinkawa. Sunan aikin arai-hari. Wajen sake ɗinkin ana iya faɗaɗa shi, a rage shi, a juya ɓangaren da ya koɗe ya koma inda ba a gani, ko a mayar da na uwa ya zama na 'ya. Duk wannan ba zai yiwu ba in an taɓa zaftare wani wuri.

Okumi bai ba ni wahala ba. Na kalmashe gefensa na waje daga ƙasa zuwa inci 27, na haɗa ɗaya gefen da gaban rigar, ya tsaya kamar inci 8 da rabi ƙasa da kafaɗa, faɗinsa a ƙasa inci 6. Na bi da kalmasar ƙasa gaba ɗaya.

Wuyan rigar ne ya ci mini mako guda. Miƙaƙƙen ƙyalle ne ake so ya zagaye ƙeya, ya karyo ta kafaɗa, ya gangaro a karkace ta kan ƙirji, ya ratsa okumi ya fita a gefensa daidai inda kalmasar nan ta inci 27 ta tsaya. Karo na farko na kama da fil daga wannan ƙarshe zuwa wancan na ɗinke. Da na rataye ta, sai ga ƙirjin ya yi tattara, ƙeyar kuma ta ɗaure kamar an shaƙe ta. Na warware. Karo na biyu na fara daga tsakiyar baya na bi kowane gefe daban, ƙeyar ta gyaru, ƙirjin bai gyaru ba. Na koma bidiyon na rage saurinsa, ina kallon yatsun tsohuwar kawai. Sai na ga abin da take yi. A kusurwar kafaɗa, inda aka tsaga, tana sakar wa ƙyallen wuyan, ta ba shi ɗan rara don ya samu abin zagayawa. A gangaren ƙirji kuwa layin ya ratsa saƙar yadin a karkace, wurin da yadi ke miƙewa in an ja shi, don haka ba ta jan jikin rigar ko kaɗan, a kwance take barin sa a tebur ta ɗora wuyan a kai. Ni kuwa a cinya nake ɗinki, nauyin rigar yana ja ƙasa ban sani ba. Na share tabarma, na shimfiɗa rigar, na durƙusa a gabanta na kama da fil kusa da kusa. Karo na uku ta zauna.

A nan ma ba a yanke komai. Layin wuya yana barin babban yanki na gaban rigar da saman okumi a waje, mai kama da alwatika. Ninke shi ake yi a cusa cikin wuyan, shi ne yake ba ta kauri ta tsaya ba tare da an sa mata wani abin ƙarfafawa ba. A ƙeya ne kawai babu abin cusawa, don haka ake sa ɗan ƙyalle na daban ya cike gurbin. Na jawo ledar ƙarƙashin keke na zaɓo guntun farar auduga, na sa. Na kuma liƙa wasu 'yan ƙanana biyu a ƙarshen tsagar kafaɗa, inda yadi ya fi saurin yagewa. Na ninke wuyan ta koma faɗin inci 2 da kwata, na rufe ta ciki da ɓoyayyen ɗinki. Gajeriyar wuyan, tomoeri, na ɗora ta a sama daidai inda fata ke taɓawa. Amfaninta ta ɗauki gumi da maiƙo, in ta yi datti a cire ta ita kaɗai a wanke ko a sauya. Mu da muke shafa mai da turare a wuya, ban ga abin da ya hana mu ɗaukar wannan dabara a sauran rigunanmu ba.

Haɗa hannuwa aikin dare ɗaya ne. Inci 9 daga kafaɗa ta gaba, 9 ta baya, shi ke nan. Ƙasa da nan, a rigar mata, ana barin kamar inci 5 da rabi na haƙarƙari a buɗe, bayan hannun ma a buɗe yake yana lilo. Na maza ne ake rufewa. Na yi tunanin rufewa, sai na tuna ba a kan fata zan sa ba, kuma zafin Kano ba ya ƙin ƙofar iska. Na bar shi, na ƙarfafa bakin kowace buɗa da 'yan taku a wuri ɗaya. Ɗamarar na ninka ta biyu a tsaye na ɗinke na juya.

Dare 19 aikin ya ci, ban da kwanakin gwaji. Lokacin hunturu ne, yatsuna sun tsage, shuni ya shiga tsagar ya zauna, har sai da maƙwabciyata ta tambaye ni ko rini na koma yi. Na ƙanwata da na yi daga baya, da yanka iri ɗaya amma a keke, kwana biyu ya ɗauka, kuma ya yi kyau. Wanda ke sauri ya hau keke, ba laifi, musamman a dogayen layuka. Sai dai ya buɗe takun keken ya yi tsawo, domin matsattsen ɗinki in an zo warwarewa yana barin huji a jere, wani lokaci ma ya ci yadin. Wuya kuwa ko a nata da hannu na rufe.

Wajen sawa akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita a Japan: ɓangaren dama ake fara kwantarwa a jiki, na hagu ya hau kansa. Akasin haka gawa ake yi wa. Ban sha wahalar riƙe wannan ba, tunda an tashe mu a kan fara sa tufa da dama. Ranar da na fara fita da ita, sunan 'yar wata ƙawata, na ɗora a kan baƙar doguwar riga, domin rinin baba sabo yana ɗan shafa a farin kaya komai ɗaurayar da aka yi masa. A buɗe na bar ta, ɗamarar a jaka. Mata uku suka tambaye ni telan, ɗaya har ta kama hannun rigar tana juyawa tana neman inda aka yanka zagayen.

Matsala ɗaya na samu, a wajen alwala. Hannu mai zurfin inci 20 in ka sunkuya sai ya sha ruwa. Su ma sun san da haka, suna da wata igiya, tasuki, da suke zagayawa ta hammata ta gicciye a baya ta ɗage hannuwan in za su yi aiki. Ɗamarar nan tawa ita nake yin haka da ita yanzu. In na cire rigar kuma ba ta bukatar marataya. Ana bin layukan ɗinkin a ninke, okumi kan okumi, gefe kan gefe, hannu kan hannu, ta koma shimfiɗaɗɗen abu mai kusurwa huɗu, ta kwanta a akwati kamar ba a taɓa ɗinka ta ba.

Da Goggo ta sake zuwa na fito mata da ita. Ta juya cikinta waje, ta kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ta bi ɗinkin baya tun daga wuya har ƙasa. Ta nuna mini wuri ɗaya kusa da ƙugu inda takuna ya yi faɗi, ta ce in sake shi kafin ya buɗe. Sannan ta ce ita ma tana so, amma rinin ya fi wannan duhu, ba ado, kuma hannun kada ya kai haka, don ita ba za ta iya ɗaure-ɗauren igiya ba duk lokacin salla. Na ɗauko tef na auna ta a tsaye a tsakar gida: tsawo inci 50, hannu 14.

"Sauran yadin hannun fa?" ta tambaya.

"A ciki zan bar shi, Goggo."

Yadin nata yana marina tun shekaranjiya, ranar Asabar zan je in karɓo.